Me ya sa ba a cika ganin Pareulype berberata a Ingila ba?

Ka ce ka kwana uku kana kunna fitila a yankin Wiltshire na Ingila ba ka ga wannan faɗa-wutar ba, kana tambaya ko ta ƙare ne. Tana nan, sai dai wurin zamanta ya ƙuntata. Tsutsarta ganyen Berberis vulgaris take ci, kuma manoma sun daɗe suna tumɓuke wannan itacen daga shinge saboda cutar tsatsar alkama tana fakewa a jikinsa. Inda babu itacen, fitila ba za ta kawo maka ita ba.

Neman tsutsar ya fi jiran uwar. Sau biyu take fitowa a shekara, wajen Mayu zuwa Yuni, sai kuma Agusta, tsutsar ta biyo baya da 'yan makonni. Ana shimfiɗa farin ƙyalle ƙarƙashin reshe, a buga reshen da sanda a hankali, sai tsutsar ta faɗo kan ƙyallen. Tsutsar daga dangin faɗa-wuta da ake kira Geometridae take, za ka gane ta da tafiyarta, tana lanƙwasa baya kamar mai auna taƙi. Amma dokar kare namun daji ta 1981 ta hana kama ta sai da lasisi, don haka bi masu izini. Ɗaya daga cikin abubuwan da ke kashe ta shi ne aske shinge kafin tsutsar ta sauka ƙasa ta kwanta. A bari sai ƙarshen kaka.