Amsa: Shafen ƙyalli irin na tukwanen Ladi Kwali

Malama, kin tambayi yadda za ki sake haɗa shafen ƙyallin da ake yi wa tukwane a cibiyar koyar da ginin tukwane da Michael Cardew, wani maginin tukwane ɗan Ingila, ya buɗe a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, inda Ladi Kwali ta shiga a 1954. Ki nemi littafinsa Pioneer Pottery na 1969, ya yi bayanin kayan da kyau. Amma ma'aunin da ke rubuce ba zai wadatar ba, domin tokar kowane ice da halinta, dutse ma haka.

Fara da kashi 40 na tokar ice, 40 na garin dutsen felsfa (dutsen da ke narkewa kamar gilashi a wuta mai tsanani), 20 na yumɓu. Ki jiƙa tokar, ki tsiyaye ruwan, ki tace da rariya mai laushi. Sa safar hannu don Allah, ruwan toka yana cin fata. Sai ki dama kayan uku da ruwa, ki shafa a ƙananan gutsattsarin yumɓu ki gasa, kina canja abu ɗaya kawai kowane gwaji, kina rubutawa. In shafen ya zuba wajen gashi, ƙara yumɓu ko tokar buntun shinkafa.

Babban abin shi ne tanderu: sai ya kai wajen digiri 1280 a ma'aunin Salsiyas. Wutar fili ta gasa randa ba ta kaiwa nan.