Okid ɗina ya shekara biyu bai yi fure ba a Jidda, ina matsalar take?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni mazauniyar Jidda ce. Shekara biyu da suka wuce 'yata ta kawo mini furen okid a tukunya daga shagon furanni, a jikin takardarsa an rubuta Cymbidium. Ya zo da sanduna biyu cike da furanni, sun yi kusan wata biyu kafin su zube. Tun daga nan ganye kawai yake yi, dogaye, kore shar, sai dai bakinsu ya fara ƙonewa. Yana falo, mukayyif (na'urar sanyaya ɗaki) ba ya mutuwa, ruwa da taki ban taɓa fasa ba shi ba. Maƙwabciyata tana da nata mai faffaɗan ganye, kowace shekara sai ya yi fure. Ƙanena da ke Ɗa'ifa ya ce in ba shi ya gwada, ni kuma ina jin nauyin rabuwa da kyautar 'yata. Me nake yi ba daidai ba?

AMSA

Wa alaikumus salam Hajiya. Ki kwantar da hankalinki, okid ɗin da ya shekara biyu a Jidda yana fitar da sabon ganye ya samu hannu mai kyau. Abin da ya rasa daren sanyi ne, shi kuwa Jidda ba ta da shi. Ƙanenki ya fi kusa da maganin fiye da yadda yake zato.

Simbidiyam masu manyan furanni da ake sayarwa a shaguna haɗin iri ne. Lambun Veitch na Ingila ne ya fara barbarar iri biyu, abin da aka samu ya yi fure a 1889, daga nan aka yi ta haɗa wannan da wancan har aka samu launukan da kike gani yau. Amma kakanninsu 'yan kan dutse ne, daga gangaren Himalaya a arewacin Indiya da Nefal, zuwa Bama da kudancin Sin da tsaunukan Biyetnam. Can rana tana da haske ƙwarai, dare kuma sai da bargo. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Duk da an raine shi a gidan gilashi, wataƙila a Holand, halin kakanninsa yana nan a jikinsa. Ba zai ɗauki cikin fure ba sai ya samu makonni shida ko fiye, daga ƙarshen zafi zuwa shigowar sanyi, dare yana sauka tsakanin digiri 10 da 14, rana kuma ta ɗara dare da kamar digiri goma.

Dalilin yana da sauƙin ganewa. Da rana ganye yana haɗa abinci da hasken rana, ya tara a dunƙulen nan mai kama da albasa da ke gindinsa. Da dare shukar tana ci daga abin da ta tara. In daren da sanyi, kaɗan take ci, sauran ya zama jari. In da zafi, sai ta cinye ribar yini kafin asuba, kamar mai shagon da cefanen gidansa ya kai cinikinsa: ba ya karyewa, ba ya kuma ƙara gaba. Bayan haka saukar sanyin ita ce alamar da ke gaya masa lokacin fure ya yi. A Jidda ko a tsakiyar Janairu dare yana yawo ne kusa da digiri 20.

Za ki ce ai ga mukayyif. To, mukayyif yana riƙe falo a digiri 22 ko 24 ne dare da rana, ba hawa ba sauka, ga shi yana tsotse danshin iska. Ya raya miki shi, wannan gaskiya ne, da a waje yake da watan Yuli ya daɗe da gamawa da shi. Amma bai taɓa ba shi labarin cewa shekara ta juya ba. Sai kuma haske. Kore shar ɗin nan da kike yabo, a wurin simbidiyam ƙorafi ne. Wanda ke samun isasshen haske ganyensa kore ne mai ɗan ratsin rawaya, tsaye, ba mai duhu da langaɓewa ba. Falukanmu kuwa kin san su, labule kan labule.

Na maƙwabciyarki, daga yadda kika siffanta shi, falanofsis ne. Shi ɗan ƙasa mai zafi ne, asalinsa dazuzzukan Filifin da Indunusiya da maƙwabtansu, kuma bai son rana mai yawa. Abin da yake nema kawai zafi ya sauka ƙasa da digiri 25 ko 26 na 'yan makonni, mukayyif kuwa yana yi masa haka ba tare da ita ta sani ba. Ba ta fi ki iyawa ba, iri ne ya dace da ɗakinta.

Yanzu Ɗa'ifa. Garin yana kan tudu kusan mita 1,800, Shafa da ke kan tsaunukan kusa da shi ta haura 2,000, kuma duk hawan mita dubu zafi yana raguwa da kusan digiri shida. Abin da ya sa wardi ya karɓi ƙasar ke nan. Daga Oktoba dare yana fara sanyi sosai, a Disamba da Janairu ya sauka wajen digiri 10 ko ƙasa. Abin da ƙanenki ya kawo ba baƙon abu ba ne a wannan sana'a: masu noman simbidiyam a Jafan suna loda tukwanensu a mota su kai kan tsauni lokacin zafi, su sauko da su bayan sandunan fure sun kama. Mutanen Makka da Jidda ma ai haka suka daɗe suna yi da kansu da iyalansu.

Ni dai shawarata, ki ba shi riƙo. Ya zauna a Ɗa'ifa yawancin shekara, ki karɓo shi in ya yi fure ya yi miki wata biyunsa a falo, sannan ya koma. Kyautar tana nan taki. Sai dai ki gaya wa ƙanenki kada ya ɗauka tudu kaɗai ya isa. Ɗa'ifa a Yuni zuwa Agusta tana kai digiri 35 da rana, iskarta kuma busasshiya ce, ba irin hazon tsaunukan da shukar ta fito ba. Ya ajiye shi a tsakar gida inda ranar safe ke sauka, a ƙarƙashin ragar inuwa mai tare rabin haske daga hantsi zuwa la'asar. Tunda daga ɗaki mai duhu ya fito, a fara da inuwa sosai na mako biyu, in ba haka ba ganyen zai toye. A lokacin zafi a jiƙa ƙasan wurin da yamma. In yana da mukayyif sahrawi, mai hura iska ta cikin jiƙaƙƙen tabarmi, ya fi kowane abu dacewa, don sanyi da danshi yake bayarwa tare. A Jidda wannan na'ura ba ta da amfani, iskar teku ta riga ta ƙoshi da ruwa. In kuma gidan yana wajen Shafa ne, daren da sanyi ya yi ƙasa da digiri 5 a shigar da shi ciki.

Kuskuren da ya fi cin rai shi ne gaggawar sauko da shi. Muddin furannin suna dunƙule ba su buɗe ba, ɗumin dare sama da digiri 18 yana sa su yi rawaya su zube ɗaya bayan ɗaya. A bari sai rabin sandar ta buɗe tukuna a kama hanyar Hada, mai gangarowa daga Ɗa'ifa, da shi. In ya iso, ki nisanta shi daga kaskon turaren wuta da kwandon ayaba ko tuffa. Hayaƙi da 'ya'yan itace masu nuna suna fitar da wata iska da ake kira etilin, wadda ke tsofar da furen okid cikin kwana kaɗan. Na san raba gidan Bahaushiya da turare ba ƙaramin aiki ba ne, ki dai canza masa ɗaki ranar da za ki turara falo.

Ƙonewar bakin ganye yawanci gishiri ne, na ruwa da na taki da suka taru a tukunya. Ruwan tanka wani lokaci yana da gishiri. Ki tara ruwan da ke ɗiga daga bayan mukayyif a bokiti mai tsabta, kusan babu gishiri a cikinsa, kuma kyauta ne. Taki irin 20-20-20, mai manyan sinadaran abincin shuka uku daidai wa daida, ki sa kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka rubuta a jikin kwali, bayan kowane mako biyu lokacin da yake toho, a rage daga Satumba. Sau ɗaya a wata a kwarara masa ruwa zalla har ya yi ta zuba ta ƙasa. Simbidiyam ba ya son bushewa ƙarƙaf kamar wasu okid, ba ya kuma son zama cikin ruwa. Shekara biyu ta isa ɓawon itacen da ke cikin tukunyar ya fara ruɓewa, don haka wajen Maris ko Afrilu a sauya masa sabo, ɓawon itace da ɗan gawayi da ɓawon kwakwa da aka jiƙa aka wanke sau da yawa. Ban da ƙasar lambu. Tsofaffin dunƙulen da suka zubar da ganye a bar su muddin suna da tauri, rumbunsa ne.

In kina son wanda zai zauna tare da ke a Jidda shekara duka, akwai simbidiyam masu jure zafi da aka haɗa da wani iri na ƙasashe masu ɗumi mai suna ensifolium. Sanannensu Golden Elf, furensa rawaya ne, ƙarami, mai ƙamshi, kuma ba ya jiran daren sanyi. Wani okid kuma da ake rubuta wa Cambria a shaguna yana tsaka-tsaki. Jininsa na tsaunukan Andis ne na Kolombiya da kewayenta, amma yakan yi haƙuri da ɗaki mai mukayyif in an ajiye shi a tagar gabas, ba a bakin iskar na'urar ba. In kika ga sabon ganyensa ya fito a tattare kamar an naɗe takarda, ƙishi ya sha lokacin da yake toho. Okid irin Miltoniopsis da Masdevallia kuwa, duk kyansu, kada ki zubar da riyalinki. Zafin da ya wuce digiri 27 yana galabaitar da su. A Saudiyya, garin Abha da ke kudu maso yamma, da tudunta na kusan mita 2,200 da hazonta, ita ce za a iya gwada su.

Kada ki sa rai sosai a shekarar farko. Sai sabon dunƙule ya cika ya yi ƙiba a cikin haske yake iya fitar da sanda, naki kuwa ya daɗe a duhu, mai yiwuwa sai sanyi na biyu. Daga Nuwamba ƙanenki ya riƙa duba gindin. Tohon ganye yana fitowa a shafe, da kaifin baki, da tauri. Tohon fure kuwa zagaye yake, ɓul-ɓul kamar kan ɗan yatsa, in an taɓa a hankali ana jin ɗan laushi a samansa. In ya ga irin wannan ya kafa siririyar sanda a gefe, ya riƙa ɗaure shi sako-sako yana tasowa, kuma ya daina juya tukunyar, don sandar tana bin haske ne, in ana juyawa sai ta murɗe.