Yadda Tosca ke faɗowa daga ganuwa

Ɗan'uwa, ka tambayi yadda mawaƙiya ke faɗowa daga ganuwa a ƙarshen opera ɗin Tosca (wasan kwaikwayo na waƙa, inda jarumar, Tosca, ke faɗowa ta mutu) ba ta karye ba. Wasan Puccini ne, mai tsara kiɗa ɗan Italiya, an fara nuna shi a gidan wasan Costanzi na birnin Rum a 1900. Ganuwar katako ce da fenti, akwai katifa mai kauri a bayanta, faɗuwar kuma gajera ce. Wani kuskure da za a iya yi shi ne duba ɓoyuwar katifar daga kujerun ƙasa kaɗai, alhali tsofaffin gidajen nan benaye gare su, na sama na hango komai. A guji katifa mai ɗaga mutum, kada mamaciya ta sake leƙowa! Tsayin kuwa, ƙwararrun tsaron dandali za su yanke, a gwada da rigar wasan a jiki.