Tsauni, hadari da dodo a zane ɗaya: ta ina ake farawa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina koyon zane da fentin akirilik. Burina in zana tsauni hadari ya rufe shi, ga kuma dodon nan mai siffar maciji, wato diragon na tatsuniyoyin Sin da Turai. Amma duk sanda na gwada, sai sama ta fito kamar hayaƙin taya, dodon kuma ya ƙi shiga cikin zanen. Ina matsalar take? Daga wani mai karatu a Unguwar Rimi, Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Matsalolin naka biyu tushensu ɗaya: kana gama hadarin ne sannan ka ɗora masa dodo. Hadarin shi ne babban aikin, dodon daga cikinsa zai fito.

Fara da ajiye baƙin fenti gefe, shi ke kashe maka sama. Haɗa shuɗin altiramarin kashi biyu da ruwan ƙasa mai ja-ja, wanda masu sayarwa ke kira bont siyana, kashi ɗaya. Za ka samu toka-toka mai duhu da rai. Raba shi uku: ɗaya ka bar shi haka, ɗaya ka sa masa fari kaɗan, na uku fari sosai. Mai duhun na gindin gajimare ne, mai hasken na samansa. Akirilik yana ƙara duhu idan ya bushe, kuma yana bushewa cikin 'yan mintoci, don haka ka riƙa fesa ruwa kaɗan a ƙyallen da kake zanen a kai, ka goge bakin gajimaren da busasshen buroshi tun fentin yana ɗanye. Idan ka bari ya bushe, bakin zai yi kaifi, gajimare ya koma dutse.

Kada ka kwafo tsaunukan Turai masu tsini da ƙanƙara. Duwatsunmu, irin Kufena a Zariya da na wajen Kajuru, dunƙulallu ne sumul, da baƙaƙen layuka a jikinsu inda ruwan sama ke gangarowa. Tsaunin Kagoro kuma dogon bango ne mai ciyayi. Ka lura da hadarin farkon damina, wajen Afrilu zuwa Mayu: yawanci daga gabas yake tasowa da la'asar, rana tana yamma. Idan ka tsaya ka ba rana baya, za ka ga sama ta yi duhu, dutsen kuma yana ta haske, jar ƙasa ta ƙara ja. To wannan shi ne sirrin: sama ta fi ƙasa duhu. Masu koyo sun saba da akasin haka, shi ya sa zanensu ba ya ba da tsoro. Gaban hadarin akwai ƙurar da iska ke korowa, ka shafa ta da ruwan ƙasa tsinkakke a gindin sama. Tsaunin da ke nesa kuwa ka rage masa launi, ya yi shuɗi-shuɗi.

Sai dodon. Diragon na Turai mai fukafukai ne, mai fesa wuta, mazaunin kogo. Na Sin dogo ne kamar maciji, da ruwa da gajimare ake danganta shi, kuma shi ya fi dacewa da hadari. Wani mai zane ɗan ƙasar Sin, Chen Rong, ya zana irin waɗannan dodanni guda tara a shekarar 1244, da tawada a kan doguwar takarda da ke gidan tarihin zane na Boston a Amurka. Nemi hotonta a intanet ka ga yadda gajimare da igiyar ruwa ke haɗiye sassan jikinsu. Yi haka: ka nuna kai, da lanƙwasa ɗaya ta gadon baya, da bakin wutsiya can nesa, sauran ka bar wa gajimare. Kuma da toka-tokar nan uku ta sama za ka zana shi. Ido kaɗai za ka ɗiga wa ruwan ɗorawa. Kada ka zana ɓawon jikinsa ɗaya bayan ɗaya, sai inda haske ya taɓa.

A ganinmu ma ba sai ka je Sin aro ba. Mutanen zamanin da suna kiran bakan gizo Masha-ruwa, suna cewa maciji ne da ke fitowa daga suri ko rijiya ya shanye ruwan hadari. Ga kuma macijin rijiyar Kusugu a Daura. Idan Masha-ruwa ka zaɓa, ka tuna bakan gizo kullum yana gabanka ne idan ka ba rana baya, ja a waje, shuɗi da shunayya a ciki, kuma da fenti tsinkakke ake shafa shi bayan sama ta bushe.

Walƙiya ita ce ƙarshe: siririn layi fari mai rassa, guda ɗaya ta isa. In za ka fita kallon hadari, kada ka hau dutse ko ka fake gindin bishiya. Ƙirga tsakanin walƙiya da tsawa, kowane sakan uku kusan kilomita ɗaya ne. In bai kai sakan 30 ba, shiga ɗaki ko mota, ka ɗauki hotonka ta taga.