Amsar Baffa a kan gunkin da ba shi da hannu

Nura, saƙonka ya iso. Innarka ce ta karanta mini, don ƙananan rubutun wayar nan sun fi ƙarfin idona. Ka ce abokan karatunka sun gayyace ka Puri kallon bikin jan karusan gumakansu, kana tambayar me ya sa babban gunkin ba shi da hannu, kuma ko ya dace ka je. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni. An tura yaro Indiya ya karanto haɗa magunguna, ya ɓuge da binciken hannun gunki! Da ubanka ne ya fara jin wannan tambaya, da yanzu an kira taron dangi.

To ni ma ƙafata ta taka garin, a farkon shekarun 1980, ina ɗalibi a Kalkata. Jirgin ƙasa muka kwana a ciki daga tashar Hawra, gari na wayewa muka ji ƙamshin teku. Damina ce, ruwa bai tsagaita ba. Haikalin kansa ba a barin wanda ba Hindu ba ya shiga, kada ma ka gwada. A 1984 Indira Gandhi, tana Firayim Minista, aka tsayar da ita a ƙofa saboda mijinta ba Hindu ba ne, balle kai ɗan Baffa. Amma ranar bikin su ne suke fito da gumakan titi, kowa ya gani.

Karusai uku ne na katako, ana ƙera sababbi kowace shekara. Ta Jagannat, babban gunkin da kake tambaya, ƙafafunta 16, ta wansa Balabadra 14, ta ƙanwarsu Subadra 12, babbar kuwa ta yi tsayin bene hawa huɗu. Mutane ba masaka tsinke, ana kaɗa farantan tagulla, ana busa ƙahon kodi har kunnena ya toshe. Can sai na ga an ɗauko sarkin Puri a kan kujera, matashi ne a lokacin, ya hau karusa, aka miƙa masa tsintsiya mai mariƙin zinariya, ya sunkuya yana shara a bainar jama'a. Na saki baki. Kakanka yakan ce girman kai rawanin tsiya, ban taɓa zaton a bakin tekun Bengal zan tuna maganarsa ba. Da aka kama igiyoyi aka fara ja, turereniya ta kwashe ni, takalmina ɗaya ya tafi, ban ƙara ganinsa ba.

A rumfar wani mai shayi na fake, ƙafa ɗaya a taɓo, kuma a nan wani tsoho ya ba ni labarin da kake nema. A faɗarsu, wani sarki Indradyumna ya ji cewa akwai abin bauta da shugaban mutanen daji, Bishwabasu, yake ɓoyewa a kurmi. Ya aiki malaminsa Bidyapati nema. Malamin ya auri 'yar shugaban, ya yi ta naci har surukin ya yarda ya kai shi, amma ido a ɗaure. Shi kuwa yana tafe yana zubar da ƙananan ƙwayoyin iri, da suka tsiro suka nuna hanya. Sarki ya iso da murna, ya tarar abin ya ɓace. Ya ƙi ci ya ƙi sha, har aka gaya masa a mafarki ya je bakin teku, zai ga gungumen itace ruwa ya kawo.

Masassaƙa suka kasa gungumen. Sai ga wani tsohon masassaƙi, ya ce zai yi aikin da sharaɗin a kulle shi a ɗaki kwana 21, kada kowa ya leƙa. Bayan kamar mako biyu ƙarar sassaƙa ta ɗauke. Sarauniya Gundica ta damu, ta ce tsohon nan ya mutu da yunwa, a buɗe. Aka buɗe, babu masassaƙi, sai gumaka uku da ba a gama ba, ba tafin hannu ba ƙafa. Ba su gyara ba. Haka suke sassaƙa su har yau duk sanda aka sabunta, kamar yadda aka yi a 1996 da 2015, kuma da itacen darbejiya, wadda ke ƙofar gidanmu, asalinta ma daga ƙasarsu aka kawo mana. Ginin dutsen haikalin da za ka hango kuwa tarihi ya san mai shi, Sarki Anantabarman Codaganga ne ya fara shi a ƙarni na 12.

Mu dai mun san wanda muke bauta wa, ba abin da ya haɗa mu da itace. Sai dai kakarka takan ce sauri ya haifi nawa, kuma ku 'yan yanzu duk Gundica ne. Tuwo na kan wuta kuna buɗe tukunya. Ka aiko saƙo da azahar, kafin la'asar ka kira innarka sau biyu wai Baffa bai amsa ba. Mu wasiƙa muke rubutowa daga Kalkata, mu yi wata muna jira.

Abin da ya tsaya mini a rai daban ne. A kan wannan titin akwai kabarin wani mawaƙi, Salabega, ɗan wani Musulmi ne, hafsan daular Mugal da ta mulki Indiya, a ƙarni na 17. Ya ƙare rayuwarsa yana yi wa Jagannat waƙa, kuma har yau karusar takan tsaya a gaban kabarinsa. Su abin alfahari ne a wurinsu. Ni da aka nuna mini wurin jikina ya yi sanyi, na nemi lungu na yi la'asar ɗina da jiƙaƙƙun kaya.

Maganar zuwa kuwa, kilomita 60 ne kawai daga Bubaneswar inda kake, na san ko na ce a'a ƙafarka na ƙaiƙayi. Ka tambayi limamin masallacin da kuke Juma'a, ya fi ni sanin hukunci. Kada ka taɓa igiya, kada ka ci abincin da aka miƙa wa gunki, kada kuma ka tsaya kana yi wa mutane dariya da waya a hannu a garinsu. Sannan ba ka ce komai ba game da sakamakon jarrabawarka, innarka ta ce in tambaye ka.