Haruffa masu ƙugiya, alamar Naira da sauransu: ina suka ɓuya a Word?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina ajin ƙarshe a jami'a, da Hausa nake rubuta kundina. Malamin da ke duba aikin ya ce ba zai karɓa ba sai da haruffa masu ƙugiya. Na shiga Symbol na ga ƙ, amma na duba har idona ya yi ja ban ga ƙaramar ɓ da ɗ ba. Ko kwamfutata ce ba ta da su? Daga wani ɗalibi a Katsina.

Amsa: Wa alaikumus salam. Kwamfutarka lafiyarta ƙalau, kuma malaminka ya yi daidai. Haruffan suna nan, ba wuri guda aka ajiye su ba ne kawai. Idan ka shiga Insert, ka latsa Symbol, sannan More Symbols, za ka ga wani ɗan akwati a dama mai suna Subset. Manyan Ɓ, Ɗ, Ƙ da ƙaramar ƙ suna rukunin Latin Extended-B. Ƙananan ɓ da ɗ kuwa suna can gaba a rukunin IPA Extensions, cikin alamomin da masana furuci ke amfani da su. Nan ne kusan kowa ke ɓacewa. Idan rukunin bai fito ba, to salon haruffan da ka zaɓa ne ba shi da su; koma Times New Roman ko Arial.

Amma kundi guda ba a rubuta shi da leƙa wannan akwati kowane minti. Kowane harafi yana da lambarsa a tsarin Unicode. Ka rubuta lambar, ka danna Alt da X tare, nan take ta rikiɗe ta zama harafi. Lambar ɓ ita ce 0253, ta ɗ 0257, ta ƙ 0199. Manyansu kuma Ɓ 0181, Ɗ 018A, Ƙ 0198.

Akwai tarko a nan, kuma ya fi kama masu rubuta Hausa. Lambobin Unicode sun haɗa da haruffan a, b, c, d, e da f. Saboda haka in kana son rubuta "haɗa", ka buga h, a, sannan 0257, Word zai ɗauka wannan a ɗin ma cikin lambar take, sai ya haɗiye ta ya ba ka akwatin da ba komai a ciki. Kalmominmu kuwa cike suke da a kafin ɗ da ɓ. Maganinsa, ka sa U+ a gaban lambar, wato haU+0257, kafin ka danna Alt da X.

Shawarata dai ka huta gaba ɗaya, ka saka kibod ɗin Hausa na Windows. Yana cikin Settings, Time & language, wurin ƙara harshe. Da ka saka shi, sai ka riƙe maɓallin Alt na hannun dama ka danna b, d ko k, in babban harafi ne ka haɗa da Shift. Maɓallin Windows da Space ke sauya ka tsakanin Hausa da Turanci. Fa'idarsa, ba a Word kaɗai yake aiki ba, har Excel da imel da Facebook. In kuwa kwamfutar ba taka ba ce, a cikin akwatin Symbol ɗin akwai Shortcut Key, inda za ka ware wa kowane harafi maɓallansa. Ka dai guji Ctrl da B, Ctrl da D, Ctrl da K, domin duk suna da aikinsu tun asali.

Tambaya: Malam, mahaifinmu ya bar rubuce-rubuce da yawa a tsohuwar kwamfutarsa. Da na buɗe su a tawa sai na ga "}asa" da "wa]anda" da "~ata" ko'ina. Sun lalace ke nan? Daga wata baiwar Allah a Zariya.

Amsa: Hajiya, kwantar da hankalinki, ko harafi ɗaya bai ɓace ba. A shekarun 1990, lokacin da kwamfuta ba ta san haruffanmu ba, an ƙirƙiro salon haruffa na musamman domin Hausa. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero yana cikin waɗanda suka yi wannan aiki, kuma marubuta da maɗaba'u sun daɗe suna cin moriyarsa. Dabarar ita ce a ari maɓallin da Hausa ba ta bukata, a zana harafi mai ƙugiya a gurbinsa. Ido yana ganin ƙ, amma abin da ke ajiye a cikin fayil } ne. Muddin salon haruffan yana kan kwamfuta, komai daidai. Ranar da fayil ya je inda babu shi, sai asiri ya tonu. Wasu salon kuma q da x da v suka ara, shi ya sa za ki ci karo da "qasa", "xaya" da "vata".

Kina iya nemo tsohon salon ki saka, rubutun ya dawo kamar da. Ni ba haka zan so ki yi ba, domin gobe in kika tura wa wani a waya ko aka ɗora a intanet, matsalar za ta dawo. Gara ki mayar da su haruffa na ainihi sau ɗaya. Fara da kwafe fayil ɗin ki ajiye na asali a gefe. Sannan danna Ctrl da H. A akwatin sama ki sa }, a na ƙasa ki sa ƙ, ki latsa Replace All. Haka za ki yi wa { zuwa Ƙ, ] zuwa ɗ, [ zuwa Ɗ, ~ zuwa ɓ. Ki fara karanta shafi ɗaya ki tabbatar wace alama ce ke wakiltar wane harafi, don salon sun bambanta. In na q, x, v ne, sai ki latsa More ki kunna Match case don manya da ƙanana kada su cakuɗe, kuma ki bi a hankali da Find Next a duk inda marigayin ya kawo sunan baƙi ko jimlar Turanci, in ba haka ba Vietnam za ta koma Ɓietnam. Allah Ya jiƙansa, Ya sa rubutun ya amfani jama'a.

Tambaya: Ina da shagon buga takardu. Alamar Naira, N nake rubutawa in ja mata layi biyu. Akwai laifi?

Amsa: A kan takarda babu mai ganewa, Alhaji. Amma N ce da ado, kuma da an kwafe ta zuwa WhatsApp ko imel, layukan za su zube. Alamar gaskiya lambarta 20A6, sai Alt da X, ta ba ka ₦. Tunda kullum kana bukatarta, zaɓe ta a akwatin Symbol ka latsa AutoCorrect, ka ce duk sanda ka buga nnn ya mayar maka da ita. Mai hulɗa da Gana, alamar sidi ₵ lambarta 20B5. Sefa ba ta da alama tata, FCFA ake rubutawa.

Tambaya: Ni malamar makaranta ce a Damagaram. Mu ƴ muke rubutawa, littattafan Najeriya kuma 'y. Wanne zan sa, kuma me ya sa alamar da ke gaban y take juyewa?

Amsa: Malama, duka biyun daidai ne, kowace ƙasa da ƙa'idar rubutunta. Ki bi ta Nijar tunda ita ɗalibanki za su tarar a littattafansu: ƴ lambarta 01B4, Ƴ kuma 01B3. Juyewar kuwa aikin Word ne. Da ya ga alamar a farkon kalma sai ya zaci magana za a buɗe, ya karkatar da ita ta koma ‘yan maimakon ’yan. Mai son ta tsaya daidai ya riƙe Ctrl ya danna maɓallin alamar, ya saki, ya sake danna ta. Ko kuma da ta juye ya danna Ctrl da Z nan take, ta miƙe.

Tambaya: Ya ake saka alamar salatin Annabi da nake gani a littattafan addini? Kuma a waya nake yawan rubutu.

Amsa: Lambarta FDFA, sai Alt da X, ta fito ﷺ. Ka bar tazara kafin lambar saboda tarkon da na faɗa wa ɗalibin Katsina. In akwati ka gani, zaɓe shi ka sauya masa salon haruffa zuwa na Larabci, kamar Traditional Arabic ko Amiri. Alt da X ba ya aiki a waya, haka ma a Google Docs. A Google Docs na kwamfuta, shiga Insert, Special characters, har zana alamar kana iya yi da linzami ya nemo maka ita. A waya, ƙara Hausa a cikin harsunan Gboard, wato kibod ɗin Google na waya, ka daɗe da yatsa a kan b, d, k ko y, masu ƙugiyar za su fito. Alamar salatin kuma ka kwafo ta sau ɗaya ka maƙale ta a Clipboard na Gboard. Duk takardar da za ka kai shago a buga, mayar da ita PDF tukuna, don kada kwamfutarsu ta sauya maka salon haruffa.