Amsa: Na kan fara karatun Littafi Mai Tsarki sai in tsaya, yaya zan yi?

Ɗan'uwa, ka ce kana farawa daga Littafin Farawa amma ba ka wuce Littafin Firistoci. A nan mutane da yawa ke maƙalewa, domin dokokin hadaya suna da nauyi ga wanda bai karanta Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa, wadda ke bayyana ma'anarsu, ba tukuna.

Fara da Bisharar Markus, sura 16 ce kawai, sannan Ayyukan Manzanni. Sura ɗaya a rana ta isa, ka haɗa da Zabura guda. In kana son saukewa cikin shekara, surori 1,189 ne: uku kullum, biyar ran Lahadi.

Ka ware lokaci ɗaya, ka rubuta ayar da ta taɓa ka, ka yi addu'a a kanta. In rana ta kuɓuce, kada ka ce sai ka rama, tarin bashin ne ke kashe gwiwa. Ci gaba daga inda ka tsaya.